Ƙusoshi Huɗu

Hajo ce ta kawo ta da hantsi,
a naɗe cikin gefen mayafi kamar ɗan tsako mai mura,
na'urar cire kuɗin da take zama da ita
ƙarƙashin jar laima a Ƙofar Ƙaura.
Ruwan jiya ya shammace ta,
maɓallin bakwai ya daina jin magana.

Ba na nan, na tafi Rafin Daɗi gaisuwar mutuwa.
Lurwanu ne a shago,
yaron da hannunsa ya riga kunnensa girma.
Ya kwance ƙusoshi huɗu,
ya sa farce ya ɗaga murfi.
Ko tari ba ta yi ba.
Fuskarta ta haska sau ɗaya, ta rubuta gargaɗi,
daga nan ba ta ƙara sanin kowa ba.

Na dawo na tarar da su sun sa ta a tsakiya.
Na ce, matso ka gani, tunda ka riga ka fasa ƙwan.
Ka ga ragar nan, da ta fi saƙar gizo-gizo siranta,
ta lulluɓe ɗan baƙin dutsen can?
Ka ga batirin nan mai girman tsohon sisi?
Ba ya kunna komai. Gadi yake yi.
A kashe ta, a jefa ta akwati wata guda,
shi idonsa biyu.
Zare ɗaya ya tsinke,
ko a huda, ko a gasa, ko a daskarar,
sai ta haɗiye mabuɗi.

Mabuɗin ba ƙarfe ba ne, Lurwanu.
Jerin lambobi ne da aka raɗa mata a ɗaki kulle,
wanda ya raɗa ma bai riƙe ba.
Da shi take ƙunshe sirrin mai tireda,
da na malamar asibiti,
da na tsohon nan ɗan fansho
da ke kare yatsunsa da hula in zai danna.

Babana kwado yake gyarawa a bakin kasuwa.
Yakan ce ranar da aka ƙera kwado
ranar ake raɗa wa ɓarawonsa suna.
Kwado yakan yi gardama, ya cije, ya sha guduma,
ƙarshe ya buɗe baki.
Ita wannan ba ta yarda da kaurin bango ba.
Ta san bango yana tsagewa, ta san ƙadangare na jira,
sai ta shirya
duk ranar da ya shigo
ya tarar da ɗaki a share.

Hajo ta ce, to ni ɓarauniya ce?
Shekara uku ina goge mata ƙura da bakin zanena,
ba ta gane mai ita?

Na ce ba ta da ido, Hajo.
Hannun mai gyara da hannun mai sata
ƙusa ɗaya suke kwancewa.

Mako biyu za ta yi a kamfani kafin a sake raɗa mata wani.
Mako biyu jar laima ba ciniki.
Na ƙirga abin da ke aljihuna na miƙa,
ta karɓa ba godiya, kuma da gaskiyarta.

Da daddare ina rufe shago na tuna Rabe.
Bara ya ba ni wata magana ya ce in riƙe masa,
ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Ba wanda ya huda ni, ba wanda ya gasa ni.
Shayi kofi ɗaya a Sabon Layi
da wani ya ce, wai me ke damun mutumin naka?

Lurwanu ya tara ƙusoshin nan huɗu
a murfin gwangwanin madara.
Na ce ya bar su nan kan tebur,
inda zan riƙa ganinsu.